Kiran Suna da Waƙa: 'Yan Ajin 1972 na Kwalejin Sen Jon, Kaduna

Monita:
'Yan'uwana da muka shiga Kwalejin Sen Jon ta Kaduna a 1968 muka fita a 1972, ina gaishe ku. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA, waɗanda muke kira Fada kuma akasarinsu mutanen Ailan ne, su suka kafa makarantar a 1949, kuma a shekarar fitarmu ne gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, ta karɓe ta, aka koma kiranta Kwalejin Rimi. Tun da ni na riƙe rajistar aji, zan sake kiran suna da laƙabin da muka san juna da shi, wanda ya ji nasa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake buɗe rajista,
Wanda bai taɓa mance bawansa ba.

Ina mutumin Kagoro mai akwatin ƙarfe,
Wanda bai raba makulli da wuyansa ba?

Ina ɗan Zazzau, gwanin lissafin aji,
Wanda allo bai taɓa ba shi tsoro ba?

Ina mai ƙararrawa, sarkin sammako,
Wanda zakara bai riga shi tashi ba?

Ina golanmu mai tafi kamar faifai,
Wanda ƙwallo ba ta san bayansa ba?

Sunan da muka tarar a bakin ƙofa,
Ba shi muka bari ranar fitarmu ba.

Ku amsa mini ko da murya ta dushe,
Don ban rufe littafin nan tukuna ba.

Ɗan Kagoro:
Monita, ga ni. Makullin yana nan, ko da yake akwatin ya daɗe da zama ma'ajiyar iri a ɗakin uwargida.

Daga Kafanchan na hau jirgin ƙasa,
Ban taɓa ganin fitilu irin na Kaduna ba.

Babana ya ƙulle sule goma a ƙyalle,
Ya ce kada in kwance in ba dole ba.

Ana yaƙi a gabas, soja cike da tasha,
Ni kuwa ban san inda suka nufa ba.

Fada ya tarye ni da farar riga har ƙasa,
Ya yi Turancin da ban kama komai ba.

Na ce masa sannu, ya amsa da yauwa,
Ashe Hausa ba ta gagare shi ba.

Wanda ya ɗaukar mini akwati zuwa ɗaki,
Ɗan Zazzau ne, kuma bai karɓi ko taro ba.

Ɗan Zazzau:
Na amsa, Malam Monita. Ɗan'uwana ya faɗi gaskiya game da taro, amma ya ɓoye cewa rabin akwatin gyaɗa ce, kuma da ita aka biya ni ladan dako har ƙarshen zango. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne azumi, wanda a shekarunmu yake faɗowa a ƙarshen shekara, har a 1972 ya kama cikin Oktoba, jarrabawar fita tana ƙaratowa.

Mahaifina malamin zaure ne,
Bai so in tafi makarantar Fada ba.

Kawuna na reluwe ya sa baki,
Ya ce neman ilimi bai zama laifi ba.

Na je da buta da buzu a ƙasan kaya,
Kuma ba a taɓa cewa in ɓoye su ba.

In ƙararrawa ta kaɗa su nufi coci,
Ni in fuskanci gabas, ba mu yi gardama ba.

Da azumi ya zo, ga sanyi ga karatu,
Ba agogo, ban san lokacin sahur ba.

Mai ƙararrawa ke taɓa ƙafata cikin dare,
Shi da azumin bai hau kansa ba.

Bashin nan ya haura shekara hamsin a wuyana,
Har yau ban sami abin biyansa ba.

Mai Ƙararrawa:
Ku yi mini afuwa, zan sauya amsa-amo daga “ba” zuwa “wa”, domin kunnen da ya saba da ƙarar ƙarfe ya fi son amo mai ja.

Alhaji, bar zancen bashi da biyansa,
Ai ka biya tun ba mu kai ga rabuwa.

Wa ya zauna da ni a gindin fitila,
Yana maimaita aljabara har na soma ganewa?

Da namu azumin na kwana arba'in ya zo,
Ran Juma'a kai ma nama ba ka taɓawa.

Agogon da ke hannuna aron Fada ne,
Ina wana shi kullum kafin kwantawa.

Ban taɓa makara ba sai rana ɗaya,
Ranar da aka ce yaƙi ya zo ƙarewa.

Janairun 1970, muna kewaye da rediyo,
Na mance igiya, na shiga sahun masu rawa.

Ɗan Kagoro:
Monita ya taɓo maganar suna ya wuce da sauri, ni kuwa ba zan iya wuce ta ba.

Jikata ta tambaye ni inda na yi karatu,
Na faɗa mata, ta ce ba ta ganewa.

Ta ɗauki waya ta latsa, ta ɗago kai,
Ta ce, Kaka, ai Kwalejin Rimi ake cewa.

Kwalejin Sarauniyar Manzanni ta 'yan matan Kakuri,
Da Sarauniya Amina aka yi musanyawa.

Ban ƙi rimi ba, itace ne mai girma,
Amma Sen Jon harshena ya saba furtawa.

Ɗan Zazzau:
Rimi adon gari ne, tambayi Bazazzagi,
Shi matafiyi daga nesa yake hangowa.

Amina kuwa tamu ce, kada ka taɓa ta,
Ganuwarta har gobe ana nunawa.

Amma in na yi mafarkin ɗakin kwananmu,
Tsohon suna ne a allo nake karantawa.

Baƙon Aji Uku:
Monita ya kira kowa bai kira ni ba, kuma ban yi fushi ba, domin sunana a ƙasan shafi yake, da wani alƙalami dabam aka ƙara shi. A Kaduna aka haife ni, iyayena suka tafi da ni gabas a 1966, ba mu dawo ba sai bayan yaƙi, lokacin kuna aji uku.

Na dawo garin da aka yanke cibiyata,
Riga a jikina kamar tuta tana kaɗawa.

Na tsaya a ƙofar aji, ƙafa ta yi nauyi,
Kowane ido a kaina yana dubawa.

Gola ne ya matsa ya ba ni gefen benci,
Ya ce, zauna nan, malami yana zuwa.

Bai tambaye ni abin da na gani a can ba,
Ni ma ban fara ba, balle in kai ga gamawa.

Da yamma ya ja ni fili ya ba ni lamba biyu,
Ya ce in tsare gabansa, shi yana kamawa.

Ina yake ne? Tun farko Monita ya kira shi,
Kowa ya amsa, shi kaɗai ba ya amsawa.

Mai Ƙararrawa:
Ɗan'uwa, na so wani ya riga ni faɗa. Gola ya rasu a daminar bara bayan gajeruwar jinya, kuma ni da Alhaji muna cikin waɗanda suka raka shi. Iyalinsa sun nuna mana hoton ƙungiyar ƙwallo na shekarar fitarmu a bangon falonsa, kana durƙushe a gabansa, hannunsa yana kan kafaɗarka.

Na tashe shi shekara biyar da ƙarar ƙarfe,
Wannan barcin ya fi ƙarfin kaɗawa.

Alhaji ya yi tasa addu'ar, na yi tawa,
Muka juyo ba mai iya tankawa.

Baƙon Aji Uku:
Ba ni da baiti yanzu. Ina roƙon a aiko mini da hoton, kuma a faɗa mini ranar da za ku koma gaishe da iyalinsa, domin in taso daga Inugu mu tafi tare.

Monita:
Allah ya ji ƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ka gafarce ni, Baƙo, tsallake ka da na yi kuskuren tsufa ne. Na koma amsa-amona na farko, in ci gaba da layi na biyu.

Na kai alƙalami gaban sunan Gola,
Na ɗaga hannu, ban rubuta komai ba.

Ina mai garaya na gadon kusurwa,
Wanda bai bar mu mun yi barcin rana ba?

Ina ɗan Katsina mai gugar gawayi,
Wanda rigarsa ba ta san yamutsi ba?

Ina tagwayen Zonkwa, ku amsa a rarrabe,
Don har yau ban iya bambanta ku ba.