Fanbel ɗin Corolla 2005 yana kuka, wanne zan saya?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina da Corolla 'yar 2005 mai injin 1.8, hannu na biyu na saye ta. Tun shigowar damina fanbel ɗinta ke kuka in na tayar da ita da safe. In na kunna esi kuwa, ko na murɗa sitiyari har ƙarshe, sai ƙarar ta ƙaru har maƙwabta su leƙo. Na shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, wani mai shago ya ɗauko min guda uku, kowanne da kuɗinsa, ya ce duk za su hau. Lambar jikin tsohon ta goge, 6PK kawai nake iya karantawa. Wani kuma ya ce in nemi na beljiyam, wai ya fi sabo ƙwari. Masana, ku taimaka min da shawara.

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam, Alhaji. "Duk za su hau" maganar mai sayarwa ce. Lambar nan da ta goge ita ce komai. Misali in ka ga 6PK1880, 6 ɗin layukan cikin bel ɗin ne, guda shida, 1880 kuma tsawonsa ne da milimita. Masu rubutawa irin na Amurka, kamar Gates, sai su sa K060740, wato layi shida, inci 74, abu ɗaya ne. Kada ka ɗauki wannan a matsayin lambar motarka, don injin ɗaya ma tsawon yakan bambanta tsakanin mai esi da marar esi. Ba wa mai kaya lambar shasi ya duba, ko a ciro tsohon a tafi da shi a gwada.

Abin da ya sa nake matsa maka: bel ɗaya ne a motar nan yake juya altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari da kwamfuresar esi. In ya yi tsawo, tenshina, wato abin da ke ɗaure bel ɗin, zai ƙure bai kama shi ba, ya riƙa sulɓi. In ya yi gajere, sai ya ci boris ɗin altaneta. In kuwa ya tsinke a hanya, batir ya daina caji, sitiyari ya yi nauyi, injin ya ɗau zafi cikin 'yan mintoci. Daga nan maganar gasket ɗin kan injin ake yi, ba ta bel ba.

Kuma kafin ka sayi komai, a duba tenshinan. Sau da yawa shi ne ya gaji, ana ta zagin bel. A cire bel ɗin, a juya kowane fuli (ƙarfen da bel ke hawa kansa) da hannu, a ji wanda ke gurnani ko yake lilo.

Direban Zariya:
Na beljiyam dai a'a, yallaɓai. Ƙarfe ake saya beljiyam, roba kuwa tsufa take yi ko a ajiye take. Nemi sabo na Bando, ko Mitsuboshi, ko Gates, ko Dayco. Sai dai jabu ya yi yawa, har kwalin suna kwaikwaya. Duba rubutun jikinsa, in yana gogewa da yatsa ko layukan ba su daidaita ba, ajiye musu kayansu.

Oga Bakanike:
Direba ya yi gaskiya. Ƙari ɗaya: bel na yanzu, na robar EPDM, ba ya tsattsagewa kamar na da, layukan ne ke cinyewa a hankali, don haka kyan ido ba hujja ba ne. Akwai gwajin da muke yi, injin na aiki a fesa ruwa kaɗan a cikin bel ɗin, hannu da hannun riga nesa. In kukan ya ƙaru, bel ɗin bai ɗaure ba. In ya ɗauke sannan ya dawo, wani fuli ne ya kauce daga layi. Kuma kada ka yarda yaron gareji ya shafa masa mai ko giris don ya yi shiru, kashe shi yake yi.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na leƙa yanzu, akwai danshin baƙin mai a gefen injin kusa da fulin ƙasa. Shi ma yana da hannu a ciki?

Oga Bakanike:
Sosai ma. Alamar oyil sil ɗin gaba, robar da ke tare mai, ne ke yoyo. A fara canja shi a wanke wurin tas, in ba haka ba sabon bel ɗin ma zai jiƙe ya kumbura. Kafin a cire tsohon bel ɗin, ɗauki hoton yadda ya zagaya fulolin da wayarka.