Manhajar jadawali da takardun caji na NDIS: in saya ko in ɗauki mai lissafi?

Maman Hanifa (Melbon):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa nake nema, ba waɗanda suka ji labari ba. Ina da ɗan kamfanin kula da masu buƙata ta musamman a yammacin Melbon, Ostireliya, ma'aikata 9, mutanen da muke kula da su 14. Ban yi rajista da hukumar sa ido ta NDIS (shirin gwamnati da ke biyan kuɗin kula da masu buƙata ta musamman) ba, don haka ba na shiga shafin gwamnati neman kuɗi. Takardar caji nake tura wa manajojin kuɗin mutanen, wato masu biyan kuɗi a madadinsu daga kason da NDIS ta ware musu, biyu kuma iyayensu ne ke biya da kansu. Jadawali a Excel, canjin aiki a WhatsApp, albashi a manhajar lissafi ta Xero. Daren Lahadi kaf a kan tebur yake ƙare mini, ina gwada awannin da kowa ya turo da abin da ke jadawali, kuma ba sa taɓa zuwa ɗaya. Yanzu wani kamfani ya yi mini tayin manhaja: ma'aikaci ya danna a waya in ya isa gidan, ya danna in zai tafi, ya rubuta rahoto, ita kuma ta fitar da takardar caji da kanta. Sharaɗin sai na sa hannu na shekara guda. Ko kuwa in ɗauki mai lissafi na kwana ɗaya a mako? Juma'a suke jiran amsata.

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam Hajiya. Saya kawai. Tun da aka kawo PACE, sabon tsarin kwamfuta na NDIS, a ƙarshen Oktoban 2023 neman kuɗi a shafin gwamnati ya zama ciwon kai, manhaja kuwa za ta haɗa miki fayil ɗaya ki ɗora duka lokaci guda.

Maman Hanifa (Melbon):
Malam ai na ce ba na shiga shafin nan.

Ɗan Gwammaja:
To ki yi rajista mana.

Baban Sadiq (Sidni):
Ƙanwata, kafin ki sa hannu zauna ki ji nawa. Ni ma haka wani yaro mai zaƙin baki ya zo da kwamfutarsa, ya nuna mini komai yana tafiya sumul. Na biya kuɗin saiti, suka ce su za su shigar da komai, ni dai in kwanta in huta.

Abu na farko, ranakun hutu. Ina Sidni, amma jihar Biktoriya, inda Melbon take, suka saita mini. Talatar farko ta Nuwamba, ranar tseren dawakin Melbon, hutu ce a can, a nan kuwa ranar aiki ce kamar kowace. Manhaja ta caji kowa farashin ranar hutu, ta lissafa wa ma'aikata ninki biyu da rabi, albashi ya fita. Manajojin kuɗi suka dawo mini da takardun, uwar wani yaro ta kira ni tana tambaya ko cin kuɗin ɗanta na fara. Shekaru muna tare da matar nan. Je ki ce wa ma'aikaci ya dawo da kuɗin da ya riga ya shiga asusunsa ki ga idonsa.

Na biyu ya fi ciwo don shi shiru ya yi ta ci na. Kowace 1 ga Yuli ake sabunta farashin NDIS. A 2024 awa ɗaya ta ranar aiki ta tashi daga dala 65.47 zuwa 67.56. Manhajata ta ci gaba da cajin tsohon, alhali albashi ya riga ya ƙaru. Dala biyu da 'yan kai a kowace awa, wa zai lura? Babu manajan da zai kira ki ya ce kin caje shi ƙasa da ƙima. Da na gano na yi musu magana, wai ai akwai wani maɓalli da ni ya kamata in danna.

Da na ce na fasa, sai suka ce akwai sauran kwantiragi. Na nemi bayanaina, suka turo mini tulin PDF da ba ya shiga wata manhaja, ga doka ta ce in ajiye bayanan ma'aikata shekara 7. Allah ya isa ban yafe ba.

Anti Rabi:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baban Sadiq. Nawa suke karɓa a wata?

Baban Sadiq (Sidni):
Amin. Kusan dala 400, ban da kuɗin saiti.

Ɗan Gwammaja:
400? Yaya ai yanka ka aka yi. Tawa ba ta kai dala 10 a kan kowane ma'aikaci ba, kuma ban biya ko sisi na saiti ba.

Anti Rabi:
Taka ta jadawali ce kawai. Ka tambayi kuɗin ɓangaren da ke fassara dokar albashi ka ji. Ni da na haɗa duka ya haura 200, ma'aikatana kuma ba su kai na Hajiya ba.

Akanta Birisben:
Da izininku. Aikina ke nan, littattafan kamfanoni irin naku nake dubawa. Baban Sadiq, ka yi haƙuri, amma wanda ya duba takarda ɗaya kafin a tura zai ga kuskuren Nuwamba. Lambar aikin taimakon kula da jiki a ranar aiki 01_011_0107_1_1 ce, ta ranar hutu 01_012 take farawa. A rubuce suke a jikin takardar.

Hajiya, ga abin da za ki gwada su da shi kafin Juma'a. Ki ba su mako ɗaya na gaske daga jadawalinki, mafi rikici. Tun Yulin 2022 dokar SCHADS, wato dokar albashin masu irin wannan aiki, ta ce ma'aikacin wucin gadi ko na rabin lokaci sai an biya shi aƙalla awa biyu, ko da aikin na awa ɗaya ne. Ke kuwa awa ɗaya za ki caja. Ki ga ko manhajar ta san ta raba waɗannan biyun. Ki sa mata wanda ya yi safe ya tafi gida ya dawo yamma, akwai alawus a kai. Ki sa mata kwanan gida. Ki sa mata aikin da aka soke saura kwana uku, ki ga ko ta san ana iya cajinsa in an rubuta haka a yarjejeniya. In ta ci wannan jarrabawar, sai ki tambayi yadda ake fita da bayanai, a rubuce.

Baban Sadiq (Sidni):
Kai Akanta, ka taɓa tashi ƙarfe biyar na asuba kana neman wanda zai maye gurbin ma'aikaciyar da ta ce ɗanta ba lafiya? Kana ofis da na'urar sanyi kana faɗa mini in duba lamba. In ni zan duba kowace takarda, me na saya?

Akanta Birisben:
Ban raina wahalarka ba Yaya.

Anti Rabi:
Kuma kar mu manta Hajiya cewa ta yi ko ta ɗauki mai lissafi. Akanta da kansa mai lissafi ne. Ba na zargi, ina dai faɗa.

Akanta Birisben:
Anti ai in neman aiki nake, cewa zan yi kar ta saya.

Na Malam:
Ku duk kuna wahalar da kanku. Hajiya ki samu wani ɗan ƙanwarki a Kano da ya gama digiri yana zaune, ki saya masa kwamfuta da data. Lokacin da kike barci shi yake aiki. Kuɗin manhaja na wata ɗaya in an canza shi naira har aure zai yi.

Ɗan Gwammaja:
Ranar biyan albashi a ɗauke wuta a Kurna, ma'aikata tara su jira a gyara taransifoma.

Na Malam:
Sai ta haɗa masa da sola, a saka a kuɗin saiti.

Akanta Birisben:
Wasa wasa kar wani ya ɗauka. Bayanan lafiyar mutane ne, da adireshinsu da magungunansu. Dokar sirri ta 1988 na nan, in kin tura su waje aka samu matsala ke za a riƙe.

Ummu Khalil:
Ni ma'aikaciya ce, ba mai kamfani ba, kuma ba wanda ya tambaye mu. Inda nake aiki sai kina ƙofar gidan manhajar ke yarda ki danna. Akwai wata baiwar Allah da nake kai wa wanka, gidanta sabis ba ya kamawa. Sai in tsaya a bakin titi ina ɗaga waya sama, ita tana leƙe ta taga tana jira na. In na shiga ban danna ba, a rubuta na makara. Rahoto kuma an ba mu akwatuna mu zaɓa: ta ci abinci, ta sha magani, lafiya lau. Ranar da na ga ta rage magana tana ture cokali, babu akwatin wannan. Sai da na kira shugabarmu a waya. Hajiya in za ki saya, ki bar wa mutanenki wurin rubutu da bakinsu.

Maman Hanifa (Melbon):
Na gode Ummu Khalil, wannan ban kawo shi a raina ba. Akanta, zan tura musu makon Ista in gani. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ga abin da mai lissafi ke karɓa a rana.

Anti Rabi:
Hajiya manhaja ko mai lissafi, ba su ne matsalarmu ba. Takardata tana fita ranar Litinin tsaf, babu kuskure ko ɗaya, amma akwai wani manajan kuɗi da sai na bi shi da waya kamar ni na ci bashinsa. Ya ce ba su gani ba, in sake turowa. In sake, ya ce kuɗin wannan ɓangaren ya ƙare a kason da NDIS ta ware wa yaron. To ya ƙare ba ku faɗa mini ba ina ta tura ma'aikaci? Albashi ba ya jira, fansho na kashi 12 ba ya jira.

Baban Sadiq (Sidni):
Yanzu kika zo wurin. Ni akwai wanda ya riƙe mini kuɗi tun kafin azumi, wai na'urarsu ce ta ƙi karanta takardar. Su ma manhaja suka sa tana karɓa, babu mutum a wurin.

Ɗan Gwammaja:
Wane manaja ne Anti? Turo mini sunan ta akwati, ina jin mutum ɗaya ne yake wasa da mu duka.

Anti Rabi:
Na tura. Kai ma wata nawa yake riƙe maka?