Sauya takalman birkin baya na mota a gida

Daga shawarwarin da aka tattara a kan yadda mutum zai sauya takalman birkin baya da kansa, babu saɓani a kan matakin farko: a ajiye motar a wuri mai lebur, a tokare tayoyin gaba, a saki birkin hannu, sannan a ɗora ta a kan matokarai na ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne fistin, wato ƙarfen da ke tura takalmi ya kama faifan birki, wanda dole a mayar da shi ciki kafin sabbin takalman su samu wurin shiga. A motoci da yawa birkin hannu yana haɗe da fistin na baya, saboda haka ba a matse shi da ƙarfi kamar na gaba. Murɗa shi ake yi ana turawa a lokaci guda, da ɗan makami na musamman, har ya koma mazauninsa. Wanda ya tilasta masa zai lalata na'urar da ke ciki, kuma a ganina wannan ne gargaɗi mafi muhimmanci. Idan birkin hannun na lantarki ne, sai an sa motar a yanayin gyara tukuna.

Kada a bar kan birkin, wato gidan da fistin yake ciki, yana lilo a jikin tiyon man birki bayan an kwance shi. A rataye shi da waya. A lura da man birki kada ya malalo daga ma'ajinsa yayin mayar da fistin, kada girisi ya taɓa fuskar takalmi ko faifai, kuma a sauya na dama da na hagu tare.

Kafin a motsa motar, a taka birki sau da dama har ya yi tauri.