Kafin, kafeyin ko sinadarin goro? Cigiyar sunan abin da ake hanawa bayan aikin rage ƙiba

Malaman Hausa da ma'aikatan lafiya, ku matso kusa, cigiya nake yi. Me za mu kira caffeine da Hausa, yadda dattijuwar da ba ta taɓa zama a aji ba za ta ji ta gane abin da aka hana?

An yi wa yayata aikin rage ƙiba, wato tiyatar rage girman tumbi, ta dawo gida nan Gwarinpa da takardar ƙa'idojin ci da sha da Turanci. Inna ce ke jinyarta, ita ke lura da duk abin da zai shiga bakinta, don haka aka ce in mayar da takardar Hausa. Komai ya tafi daidai sai layin da ya ce a guji caffeine a makonnin farko.

Kunnen Bahaushe ya riga ya yanke hukunci. Yadda codeine ya zama kodin, haka wannan zai zama kafin. To a rubuta mu gani: "Kada ki sha kafin wata ɗaya." A ba wa kowa ya karanta. Abin da zai fahimta shi ne kada ta sha komai sai an yi wata guda, domin ba ma sa alamar karin sauti a rubutu, kuma kalmar kafin tana da aikinta tun kaka da kakanni. Wannan ba abin dariya ba ne ga mutumin da babbar barazanarsa a lokacin ita ce ƙarancin ruwa a jiki. Wani ya ce min in na matsa neman kafin Hausa, to gari ne sukutum a Jigawa, in hau mota. Na karɓi zolayar, na kuma soke kalmar.

Wata 'yar uwa ta ce me zai hana a rubuta "ban da kofi" a huta. Hajiya, an gudu ba a tsira ba. Kofi a bakinmu shi ne mazubin, shi ne kuma abin shan, har sai ka ji ana cewa kofin kofi ɗaya. Wannan kam maganinsa na nan a gida: gahawa, wadda muka aro daga Larabci tun da daɗewa, ita zan riƙa amfani da ita. Amma ko an ce gahawa, ba a taɓo matsalar ba, don ba gahawa ce kaɗai ke ɗauke da abin ba.

Wannan ne ya sa ban karɓi "sinadarin gahawa" ba, duk da shi ne fassarar da ta fi kusa da asalin kalmar. Wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Friedlieb Ferdinand Runge, shi ya fara tace shi daga ƙwayar gahawa a 1819, sunan kuma ya bi inda aka fara samunsa. A 1827 aka tace wani abu daga ganyen shayi a Faransa, aka raɗa masa suna daban, sai daga baya aka gano ashe abu guda ne ke amsa suna biyu. Su Turawa sun riga sun saba da nasu. Mu da muke zaɓen suna yanzu, ban ga dalilin da zai sa mu ɗaure shi da abin sha wanda gidaje da yawa ba sa ko ajiyewa ba.

A gidan Bahaushe ta ina sinadarin nan ke shiga jiki? Ta goro. Busasshen goro na ɗauke da wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ko fiye, abin da ya haura na gahawar Arabika mai kashi 1 da ɗoriya. Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja ɗauko shi, kuma rabin sunan Coca-Cola, wadda aka fara haɗawa a Amurka a 1886, daga goron nan ya fito. Amma wa ke lissafa goro cikin abinci ko magani? Abin rabo ne a wurin suna da ɗaurin aure, abin motsa baki ne bayan la'asar. Likita zai ce ban da gahawa, mara lafiya ta amsa da gaskiyarta cewa ita ba ta ma shan Nescafé, ta koma gida ta ɓare goronta.

Sai shayi, wanda shi ma kalmarsa ke da santsi. A teburin mai shayi a Kubwa ko Nyanya, ruwan zafi da Milo da madara shayi ne, ruwan Lipton shayi ne, haɗin Nescafé ma shayi ne. Dole a takarda a ce ganyen shayi. A haɗa har da ataya, wanda masu gadi ke dafawa a bakin get a ko'ina cikin Abuja: ganye mai yawa, tafasa mai tsawo, sukari kamar ba gobe. Ɗan kofin ƙarami ne, abin da ke ciki ba ƙarami ba ne.

Wani malami ya kawo shawarar da ta fi burge ni a kunne: hana-barci, a kan tsarin hana-salla. Hausa ce tsantsa, kuma tana da tushe a ilimi. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, adinosin, da ke taruwa tun safe yana sanar da jiki cewa gajiya ta zo. Shi wannan da muke nema wa suna sai ya je ya zauna a gurbinsa, saƙon gajiyar ya kasa isa. Jiki kuma kan ɗauki wajen awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha, shi ya sa shayin magariba ke bin mutum har gado.

Duk da haka, Malam, a yi min afuwa, ba zan sa shi a takardar ba. Ba don barci likita ya hana ba. Wanda ya shekara talatin yana cin goro zai ce shi ba ya hana shi barci, saboda haka dokar ba ta hau kansa ba. Sunan ya nuna ƙaramin aikin abin, ya ɓoye wanda ya shafi mai ɗinki a ciki.

Bari in ɗan tsaya a kan dalilan, don su ne ma'aunin kalmar. Aikin iri biyu aka fi yi. A na farko ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn bututu. A na biyu ana keɓe 'yar jaka a saman tumbin, girmanta kamar ƙwan kaza, mai cin mililita 30 ko kusa da haka, a jona ta da ƙaramin hanji can gaba, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Ko wanne aka yi, ana son mutum ya sha ruwa lita 1.5 zuwa 2 a rana, da kurɓi-kurɓi, ba tare da abinci ba, sai an ba da tazarar kamar minti 30. Ga wanda kurɓi uku ke cika shi, wannan aikin yini ne. Ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane gadon asibiti bayan aikin, kuma wanda ya san zafin Abuja a watan Maris ya san ba sai an yi masa bayani ba. Dalili na farko ke nan: sinadarin yana ƙara fitsari, ko da yake kaɗan ne ga wanda ya saba da shi. Kaɗan ɗin ma asara ce ga wanda ke tara ruwa da cokali.

Dalili na biyu, gahawa na sa tumbi ya ƙara zubo da asid. Masu aikin bututu da yawa na fama da ƙwannafi dama, masu 'yar jaka kuma ana yi musu tsoron gyambo a daidai inda aka haɗa jakar da hanji. Na uku, tana dakushe sha'awar abinci a lokacin da ake bin mutum bashin furotin giram 60 zuwa 80 kullum don rauni ya warke. Na huɗu kuma ba laifin sinadarin ba ne, laifin abokan tafiyarsa ne. Sukari da madarar gwangwani mai zaƙi da haɗin nan na leda mai uku-cikin-ɗaya kan zarce hanji kai tsaye, musamman ga masu 'yar jaka, cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa da jiri da bugun zuciya da murɗar ciki, wani lokaci har da gudawa.

Tsawon hanin ya bambanta. Wasu likitoci wata ɗaya suke cewa, wasu watanni, ya danganta da irin aikin da yadda jiki ya karɓa. Wanda ya yi aikin shi ke da ta cewa, ba mai fassara ba. Miligiram 400 a rana da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ke ambata ma'auni ne na baligi mai lafiya, kada a ɗauko shi a ɗora wa mai jinya. Don a san girman abin: kofin gahawa dafaffiya na da wajen miligiram 95, na baƙin shayi kusan rabin haka, gwangwanin Red Bull mai mililita 250 na da 80. Lemon kwalba mai gas dama an hana shi ta wata fuskar, don iskar na kumbura ɗan tumbin.

Akwai abin da na so a ce an faɗa wa mutane tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ciwon kan nan na ranakun farko na azumi, wanda masu goro da masu shayi suka sani sarai, wani ɓangarensa rashin sinadarin ne. Yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan an daina, ya iya jan kwana 2 zuwa 9. In aka bari sai ranar aiki aka yanke shi farat ɗaya, ciwon kan zai tarar da mutum yana fama da ɗinki. Sai hannu ya kai ga magani, a nan kuma tarko biyu ne: su ibuprofen da diclofenac ana hana su bayan wannan aiki saboda gyambo, Panadol Extra kuma akwai sinadarin nan a cikinsa, shi ne ma ƙarin da sunan ke nufi. Ragewa a hankali tun da sauran makonni ya fi sauƙi.

Ga inda na tsaya. A rubuce: kafeyin, da "ey" a tsakiya, don kada ido ya haɗa shi da kafin. Ba baƙon abu ba ne, mun karɓi bitamin da furotin da nikotin ba wanda ya ce Hausa ta lalace. Namiji ne, a ce kafeyin ɗin ya yi yawa. Duk inda ya fara fitowa a takarda kuma a bi shi da "sinadarin goro", wanda shi za a riƙa faɗa da baki.

Wata mai harhaɗa magunguna daga Jos ta kama ni a nan, ta ce abin da na zargi "sinadarin gahawa" da shi, shi na aikata, na ɗaure abin da tsiro guda. Gaskiyarki, Anti. Bambancin shi ne inda kuskuren zai faɗa. Wanda ya ji "sinadarin goro" a bakin likita ba zai manta da Nescafé ba, kowa ya san tana da ƙarfi. Wanda ya ji "sinadarin gahawa" kuwa goro ba zai ko faɗo masa a rai ba. In dai sai an karkata, gara a karkata wajen abin da ake mantawa. Akwai kuma wata fa'ida. Kafeyin shi kaɗai yana kama da kodin da koken a kunnen dattawa, wani zai zaci ana cewa goronsa ƙwaya ce ya yi fushi ya watsar da takardar baki ɗaya. In ya ji goro a kusa, hankalinsa zai kwanta.

Layin ya koma haka: "A guji kafeyin, wato sinadarin goro, har sai likita ya ba da izini. Yana cikin goro, gahawa, ganyen shayi da ataya, lemon kola, lemon ƙara kuzari da wasu magungunan ciwon kai."

Saura decaf, gahawar nan da ake tacewa don a cire mata kafeyin, kuma a nan ban gamsu ba tukuna. "Gahawa mara kafeyin" ba daidai ba ne, don tacewar ba ta kwashe shi duka, kofi ɗaya kan rage da miligiram 2 zuwa 15. Wani ya ce gahawa lami, wani shaƙiyyi ya ce dandaƙaƙƙiyar gahawa. Lami na nufin ba ɗanɗano, ita kuwa ɗacinta na nan. Ta biyun ba za ta shiga takardar da Inna za ta saurara ba. Na rubuta "gahawar da aka rage wa kafeyin", doguwa ce amma ba ta yi ƙarya ba.

Kada kuma sunan ya sa a ɗauka ta zama ruwa. Ita ma tana tayar da asid. Sannan abin da ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe na ƙarin jini daga abinci ba kafeyin ba ne, sinadaran bauri ne da ke cikin gahawa da shayi da goro, kuma tacewa ba ta raba gahawa da su. Ga mai 'yar jaka, wadda abincinta ke tsallake farkon hanji inda aka fi tsotsar ƙarfen, wannan babbar magana ce, shi ya sa ake cewa a raba lokacin shan maganin ƙarin jini da na shayi ko gahawa da awa ɗaya zuwa biyu. Wanda ke da gajeriyar kalma ta decaf da ba za ta sa a zaci an wanke ta tas ba, ya ajiye min a ƙasa.