Shawarwarin masu injin casar shinkafa a Argungu kan riƙon ma'aikata

A zaman da masu ƙananan injinan casar shinkafa suka yi a Argungu, an fi daɗewa kan rabon aiki. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a 2015 sana'ar ta bunƙasa, amma har yanzu a wurare da yawa maigida ne ke awo, shi ke karɓar kuɗi, shi ke sayo dizal. Ran da ya kwanta ciwo, inji ya tsaya.

Dattawa suka ce a raba: mai auna shanshera daban, mai riƙe littafi daban, kuma kada buhu ya bar sito sai an rubuta. Wannan na kare yaron kirki daga zargi, abin da ni ma nake ganin ya fi komai muhimmanci.

Wani Alhaji ya ja kunne kan yi wa ma'aikaci faɗa gaban abokan ciniki. A kira shi gefe. An kuma nemi a biya lada kan lokaci, ko kasuwa ta yi sanyi, a riƙa jin ta bakin mai tuƙa inji kafin a sayo kayan gyara.