Yaya ake koyar da haƙƙin muhalli ba tare da darasin ya koma hadda ba?

Malamar Sakandare: Assalamu alaikum. Darasin muhalli yawanci a "kada a sare itace, kada a zubar da leda" yake tsayawa. Yara su haddace, su juye a takardar jarrabawa, shi ke nan. Ta yaya za a nuna musu cewa magana ce ta haƙƙi tsakanin ƙasashe, da kuma tsakaninmu da waɗanda ba a haifa ba tukuna? Abin da zai shiga darasi biyu ko uku na minti 40 nake nema.

Mai Alli: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da lissafi. Litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kuwa 2.7. Za su yi musu, tunda litar kanta ba ta kai kilo guda ba. Amsar ita ce kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da oksijin na iska, nauyin ya ƙaru. Kowa ya tambayo lita nawa janareta da babur ɗin gidansu ke sha a mako, ya ninka da 52, ya ninka da 2.3, ya raba da yawan mutanen gidan.

Sai ki rubuta a allo: a shekara, mutum ɗaya a Amurka yana fitar da iskar kabon wajen tan 14, a Najeriya kusan rabin tan, a Nijar kashi ɗaya cikin goma na tan. Ki tambaye su wa ya kamata ya fara ragewa, wa zai biya ɓarnar. Da kansu za su iso ga ƙa'idar taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Rio a 1992, cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai aka raba shi ba. Ki dai kula, kada a cakuɗa ma'aunai: Sin ce kan gaba a hayaƙin shekara, Amurka ce kan gaba idan aka tara na tarihi.

Ɗan Tasha: Darasi na biyu ki ɗauko Koko, garin da ke jihar Delta yanzu. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a filin wani mutum. Gwamnati ta tilasta aka kwashe, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya (FEPA) a shekarar, yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe ta biyo a 1989, ta Bamako a 1991 ta haramta shigo da irin wannan shara Afirka. Ki raba aji huɗu: kamfanin, mai fili, jami'an tashar jiragen ruwa, mutanen gari. Kowa ya kare kansa minti biyar. Inda abin ke lalacewa shi ne yara su ɗora wa Turawa laifi duka su huta. Ki matsa musu: wa ya sa hannu kayan suka shigo?

Malamin Gona: Allah gafarta malamai, ban ƙi naku ba, amma haƙƙin da bai sauka hannu ba zance ne kawai. Dashen itacen makaranta kuma sanin kowa ne: a dasa a ƙarshen damina, hutu ya zo, awaki su gama da shi. Gara a koyi abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980, wanda ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Kututture mai tsiro ake nema, irin su kalgo da sabara da gawo. A bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a cire sauran, a sassabe ƙananan rassa zuwa rabin tsayin. Wuƙa mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya tsage ruɓa ta shiga. Bayan 'yan watanni a sake zagayowa.

Abin ya ɗore a can ne saboda manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. To kowane yara biyar ki ba su kututture uku da sunansu, makin kuma a bayar a watan Mayu, bisa yawan waɗanda suka tsallake rani.