Laifin yaro ne ko na ƙahon? Abin da maƙera da malaman busa suka gani

Malamar Busa:
Assalamu alaikum. Ina koya wa yara busa turampet da turombon, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai fara da zumuɗi, bayan ɗan lokaci sai ya yi sanyi. Muryoyin sama ba sa fita, leɓe ya gaji da wuri, daga nan sai ya ce shi ba shi da baiwa. Sau da yawa in na karɓi ƙahon na busa, ni kaina sai na yi kokawa da shi. Don Allah masu ƙera waɗannan kaya da masu gyaransu da 'yan'uwana malamai, ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku. Yaushe matsalar take daga kayan, musamman bakin busa? Kuma ya dace a sa maƙeri ya sassaƙa wa ɗalibi baki nasa na kansa?

Baba Maƙeri:
Wa alaikumus salam, Malama. Sassaƙa bakin busa ne aikina, bari in fara daga nan.

Ɗan ƙarfen nan da ake rainawa wuri huɗu ne a cikinsa. Akwai gefen da leɓe ke zama a kai, akwai ƙoƙo, akwai maƙogwaro wato ɗan ramin da ke gindin ƙoƙon, sai ramin wutsiya da ke buɗewa a hankali har ya shiga ƙahon. Kowanne da aikinsa. Ƙoƙo mai zurfi yana ba da murya mai kauri, marar zurfi yana sa ta kaifi kuma yana taimaka wa muryoyin sama. Gefe mai faɗi ba ya cin leɓe, amma yana hana shi saurin tsallakawa daga murya zuwa murya. Maƙogwaro in ya buɗe ƙaho ya karɓi iska da yawa, in ya matse mabushi ya ji kamar ana tura masa iskarsa baya.

Ku dubi lambobin ku ga yadda abin yake da tsauri. A jadawalin Bach, wato kamfanin da ke ƙera bakunan busa, faɗin ƙoƙon bakin turampet mai lamba 7C milimita 16.20 ne, na 3C 16.30, na 1½C kuma 17. Daga 7C zuwa 1½C bai cika milimita ɗaya ba, amma duk mai busa zai ce maka duniya biyu ce daban. Maƙogwaron da aka saba shi ne lamba 27, milimita 3.66. Lamba 26 ta fi shi da abin da bai kai kashi goma cikin ɗari na milimita ba, kuma leɓe yana jin bambancin.

To ga abin da nake gani a hannun ɗalibai. Bakin da ya zo cikin akwatin ƙaho mai araha za ka ga an buga masa 7C, amma in na sa ma'auni sai in tarar ba haka ba ne. Wani maƙogwaronsa ba ya tsakiya. Wani an cika masa goge kafin a zuba ruwan azurfa har kaifin gefen ciki ya tafi, leɓe ya rasa inda zai kama. Wani wutsiyarsa ba ta da siranta daidai, yana rawa cikin mazauninsa iska na zurarewa. Gwani zai iya lallaɓa irin wannan ya fitar da waƙa, don ya san yadda daidai take. Yaro bai sani ba. Abin da ya ji a leɓensa shi zai ɗauka busa ce, ya gina mugun hali a kai, ko ya ajiye. Shi ya sa nake cewa mai koyo ya fi gwani buƙatar kayan da aka auna daidai.

Amma a sassaƙa wa mai farawa nasa na musamman, a'a. Leɓensa bai zauna ba tukuna, abin da ya dace da shi yau ba zai dace da shi baɗi ba. A ba shi matsakaici na kirki daga hannun da aka yarda da ma'auninsa.

Mabushin Ƙungiya:
Baba, na yarda da rabin maganarka. Ni abin da na fi gani shi ne akasin haka. Matasa suna zuwa atisaye da aljihu cike da bakuna, yau wannan gobe wancan, kowa na neman wanda zai kai shi muryar sama ba tare da wahala ba. Sabon baki yana daɗi kwanakin farko don ya hutar da wasu tsokoki, daga baya gajiyar ta dawo, sai a ce a sake wani. Akwai yaron da na karɓe masa duka na bar masa ɗaya, na sa shi dogayen muryoyi kullum da safe. Muryarsa ta cika, kuma ba a taɓa ƙarfe ba.

Sannan a kula da lambobi. A tsarin Bach in lamba ta ƙaru ƙoƙo raguwa yake, a na kamfanin Schilke ƙaruwa yake. Na ga wanda ya sayi kishiyar abin da yake nufi saboda wannan.

Mai Gyaran Ƙaho:
Malama, kafin a zargi baki a duba bawul, wato abubuwan nan da ake dannawa da yatsa a turampet don sauya murya. Yawancin ƙahonin makaranta da ake kawo mini da ƙarar wai suna da nauyin busa, iska ce ke yoyo. Ga gwajin da kowa zai iya: zaro ƙaramin bututun bawul ba tare da ka danna bawul ɗin ba. In ya yi ƙara fau, to ya riƙe iska. In ya fito shiru, fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin bawul, ya cinye ko an ƙera shi da sako-sako tun asali.

Na biyu, 'yan zobban ulu da ke saman fistin. In suka lotse, ramukan fistin ba sa haɗuwa daidai da bututun, iska na cin karo da gefen ƙarfe duk danni. Canza su aikin 'yan mintoci ne, amma na ga yara sun yi zango guda suna fama saboda su.

Na uku, bututun bawul na uku. Bawul na biyu yana sauke murya rabin mataki, na farko mataki guda, na uku ɗaya da rabi. In aka haɗa na farko da na uku tsawon da aka ƙara ba ya isa, muryar D ta ƙasa sai ta hau sama, dole a tura bututun nan da yatsa. A ƙahonin ɗalibai da yawa bututun a maƙale yake, ko dai bututun biyu ba su tafi a jere ba tun daga masana'anta. Sai a yi ta yi wa yaro faɗa wai kunnensa bai da kyau.

Roƙona ga iyaye ɗaya ne. In baki ya maƙale a ƙaho, kada a sa filaya, kada a matse shi a ƙofa. Tokarorin da ke riƙe bututun gaba da dalma aka liƙa su, su ne za su fara ɓallewa, bututun ya murɗe. Akwai ɗan injin zare baki da ke fitar da shi lafiya lau. Kuma a hana yara buga bakin da tafin hannu don jin ƙararsa, daga nan maƙalewar take farawa.

Ɗalibin Turombon:
Gaskiya Yaya Mai Gyara ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Turombon ɗin da aka ba ni aro zamiyarsa, wato dogon bututun da ake ja ana turawa, tana cijewa a wuri guda. Ina jan ta da ƙarfi sai bakin ya bugi leɓena, har ya kumbura. Na ɗauka haka kowa ke sha. Ranar da wani babba ya ba ni nasa na gwada, sai na ji hannuna na tafiya shi kaɗai. Da aka kai nawa gyara, 'yar lotsawa ce a bututun waje wadda ido ba ya gani sai an haska fitila. Bakina 12C ne, ba a canza shi ba, kuma kumburin bai dawo ba.

Almajirin Maƙera:
Ni a ɓangaren jikin ƙaho nake koyo, kuma ina so in faɗi abin da ya sa ƙahoni biyu masu kama ɗaya ba sa busuwa iri ɗaya.

Turampet na B♭ in aka miƙe shi ya kai kusan mita ɗaya da rabi, turombon kusan 2.7, babbar tuba kusan biyar da rabi. Duk wannan tsawon sai an lanƙwasa shi, kuma bututu fanko in ka lanƙwasa sai ya baje ko ya yi tamoji a cikin kwana. Saboda haka ake cika shi tukuna. Da da dalma ake cikawa, wasu da ƙaro, yanzu wasu na zuba ruwan sabulu su daskarar da shi, wasu kuma wani gami da ke narkewa a ruwan zafi. Bayan an lanƙwasa a kan ma'auni sai a tura ƙwallayen ƙarfe ta ciki su mai da ramin zagayayye. Wannan matakin ne masu gaggawa ke yi sama-sama. Maigidana ya taɓa yanka wani tsohon ƙaho mai araha ya nuna mana cikinsa: kwanonin sun baje, ga dunƙulen dalma ya zubo cikin hanyar iska a mahaɗa. Daga waje kuwa yana ta sheƙi.

Buɗaɗɗen bakin gaba ya fi komai cin lokaci. Ana yanko siffarsa daga fallen tagulla, a naɗe, a haɗe ɗinkin da wuta, a dake shi da guduma a kan sandar ƙarfe mai siffar ƙaho. Tagulla tana taurara in ana dukanta, sai an mai da ita wuta ta yi laushi, a sake duka, a sake gasawa. Daga nan a ɗora a injin juyi a matse ta ta bi siffar, a naɗe gefen a kan waya. In hannu ya yi nauyi a gefe guda, wajen ya fi siranta, ƙahon ba zai amsa daidai ba.

Gamin ma da bambanci. Tagulla ruwan ɗorawa kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya. Mai ruwan zinariya 85 da 15, ja kuma wajen 90 da 10. Mabusa na cewa mai yawan jan ƙarfe ta fi taushin murya, ana kuma gardama a kan haka. Abin da babu gardama a kansa shi ne ta fi jure ruɓar nan da ke fitowa da ɗigo-ɗigo ja a bututun gaba, inda danshi ke cinye tutiya ya bar ƙarfen da ƙofofi. Ga yaron da ba ya wanke ƙaho, bututun gaba mai yawan jan ƙarfe ya fi amfani.

Maman Ɗalibi:
Baba Maƙeri, ina da tambaya. 'Yata ta gaji tsohon baki daga wajen kawunta, azurfar gefen ta goge har rawayar ƙarfen ta fito. Duk ranar da ta busa sai kewayen leɓenta ya yi ja yana ƙaiƙayi. Malaminta ya ba ta na roba ta riƙe, abin ya lafa. Tsohon kuwa tana son sa ƙwarai. A jefar ne?

Baba Maƙeri:
Hajiya, kada a jefar, amma kada ta sake sa shi a baki haka. Tagullar da ake sassaƙawa a inji galibi akwai dalma a cikinta, wajen kashi 3 cikin ɗari, don ta yanku sumul. Ruwan azurfar nan ba ado ba ne, shi ne katanga tsakanin fata da wannan ƙarfen. A kai a sake zuba masa, a kuma ja kunnen mai aikin kada ya goge gefen da ƙarfi, don siffar da ta saba da ita na nan a wajen. In bayan haka jan ya dawo, a ga likita, don wasu fatarsu ba ta shiri da wasu ƙarafa. Akwai ruwan zinariya, akwai na baƙin ƙarfe marar tsatsa, akwai na robar da take riƙe da shi yanzu, wanda kuma yake da daɗi lokacin sanyi.

Ɗana Mabushi, maganarka gaskiya ce, kuma ba ta karya tawa ba. Masu zuwa su ce in buɗe musu maƙogwaro ina fara ba su aron wanda aka riga aka buɗe su je su yi makonni da shi, domin ƙarfen da na cire ba na iya mai da shi. Vincent Bach kansa, wanda mabushi ne kuma ya karanci aikin injiniya, abin da ya tura shi wannan sana'a shi ne wani mai gyara ya lalata masa bakin da yake ji da shi da sunan inganta shi. A 1918 ya fara ƙera nasa a New York. Denis Wick ma yana busa turombon a ƙungiyar London Symphony ya fara nasa a 1968, don samun muryar da yake nema. Su biyun sun san abin da kunnensu ke so kafin su taɓa ƙarfe.

Malamar Busa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bi ƙahonin ajina ɗaya bayan ɗaya da gwajin nan na bututu. Saura guda: ina da yara biyu da aka sa wa wayar gyaran haƙori, suna kuka da ciwo. Baba, akwai siffar da ta fi musu?

Baba Maƙeri:
Akwai, Malama. Nemi mai gefe faffaɗa wanda ba shi da kaifi a ciki, don nauyin ya bazu. Su sa kakin da likitan haƙori ke bayarwa a kan wayar, su rage tsawon atisaye su yawaita hutu, a kuma ɗage musu muryoyin sama na ɗan lokaci don kada su koyi danna ƙaho a leɓe. Ranar da aka cire wayar za su sake jin baƙunta, a lokacin sai ki sake auna musu baki.